Noman Ciyawar Teku a Zanzibar: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Haɗa Kan Masu Ruwa da Tsaki?

Idan ruwa ya janye a gaɓar Paje ko Jambiani, a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, za ka hangi mata zaune cikin ruwa iya ƙugu suna ɗaura 'yan rassan ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Da Suwahili sunanta mwani. Tun 1989 ake nomanta don kasuwa a Zanzibar, bayan an kawo iri daga ƙasar Filifin, kuma yau mutum wajen 25,000 ne ke cin abinci da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari mata. Bayan mako shida sai a girbe, a shanya, a cusa a buhu, a sayar wa kamfanonin da ke fitar da ita zuwa Denmak da Amurka da Faransa. A can ake tatso karajinan, sinadarin da ke sa kauri a askirim da man goge baki da madarar cakulan.

Sana'ar tana cikin matsi ta fuskoki da dama a lokaci guda. Ruwan bakin gaɓa ya yi zafi, har masu bincike sun auna digiri 37 zuwa 38 a wasu wuraren, alhali ciyawar ta fi son ƙasa da 30. Irin da ya fi tsada, wanda ake kira kotoni, ya daina yi a yawancin gonakin bakin gaɓa saboda cutar ais-ais mai sa reshe ya yi fari ya karye. Abin da ya rage wa mafi yawan mata shi ne sifinosum, wanda ya fi juriya amma kilonsa busasshe bai kai rabin dalar Amurka ba. Ana sare mikoko, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, a yi turaku, ana tuge ciyayin ƙasan ruwa don share fili, tsofaffin igiyoyin leda suna yawo a ruwa, otal-otal kuma suna ta matse wurin shanya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomiya za ta iya gyarawa ita kaɗai, haka kamfani, haka gwamnati.

Wannan rubutu na wanda ke riƙe da wani abu a hannu ne, ko kuɗin aikin raya karkara, ko kujera a ma'aikata, ko jarin sayen kaya, kuma ya rasa ta inda zai kama. Hanyoyi huɗu aka fi bi: kwangila da kamfanin saye, ƙungiyar manoma mai asusu, zauren haɗaka na kowa da kowa, da takardar shaidar inganci ta ƙasa da ƙasa.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi: wa zai biya, kuma sau ɗaya ne ko duk shekara. Na biyu ɗorewa, wato ko abin zai rayu bayan motar aikin ta daina shiga ƙauyen. Na uku sauƙi, kuma a nan dole a auna da rayuwar manomiyar, domin aikinta yana bin wata ne. Sau biyu a wata ruwa ke yin babbar janyewa, kuma a waɗannan kwanakin ne kawai take iya shiga gona. Duk taron da aka sa a ranakun nan, ko dai ta rasa taron ko ta rasa aikin. Na huɗu haɗari, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi: ranar da ciyawa ta mutu ko kasuwa ta tsaya, a kan wa asarar take faɗawa? Sai in ƙara na biyar, wato murya: wa ke yanke farashi, wa ke riƙe sikeli, wa ke cewa a yi gona a nan a bar can. Lafiyar tekun tana rataye da wannan na ƙarshen, domin macen da ba a shawarce ta ba, kuma ba a biya ta da kyau ba, ba za ta sayi turken da ya fi na mikoko tsada ba.

Kwangila da kamfanin saye

Da wannan aka fara sana'ar. Kamfanin fitar da kaya yakan ba manoma igiya da zaren ɗauri da iri kyauta, su kuma su sayar masa shi kaɗai a farashin da ya yanka. Duk manomin shinkafa ko tumatir da ya taɓa karɓar iri da taki daga kamfani da sharaɗin mayar masa da amfanin gona ya san daɗin wannan tsari da ɗacinsa. Daga baya aka buɗe kasuwa, manoma suka samu 'yancin sayarwa ga wanda suka so, amma sai sayen kayan aiki ya dawo wuyansu, masu saye kuma ba su yi yawan da za su yi gasar farashi ta gaske ba.

Sabon salon wannan hanya ya fi na da. A 2020 ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy da kamfanin Cargill mai sarrafa kayan abinci da kamfanin C-Weed mai saye a Zanzibar suka fara horar da manoma kan yadda ake zaɓar wurin gona ba tare da tuge ciyayin ƙasan ruwa ba, da rage saran mikoko, da kwashe tsohuwar leda daga ruwa, da shanya a kan gado maimakon a kan yashi. Sun kuma ɗauki wasu daga cikin manoman su zama masu koya wa 'yan uwansu. Gwamnatin Zanzibar ma ta shiga sahun masu saye ta hanyar kamfaninta, ZASCO, wanda aka ɗora wa aikin masana'antar sarrafa ciyawar a Chamanangwe da ke tsibirin Pemba, inda mafi yawan amfanin yake fitowa.

Ta fuskar kuɗi, wannan ita ce mafi arha ga mai shirya aiki, domin kamfani yana da sito da sikeli da ma'aikata a ƙauyuka tun tuni, kuma yana da dalilinsa na son kaya mai tsabta. Ita ce kuma mafi saurin nuna sakamako: a girbi biyu ko uku za a ga bambanci a ingancin busasshiyar ciyawa. Ga manomiya ma tana da sauƙi, ba ta buƙatar rajista ko jari.

Inda take da rauni shi ne ɗorewa da murya. Farashin karajinan a duniya Indonesiya da Filifin ne ke juya shi, abin da Zanzibar ke fitarwa ɗan kaɗan ne a gefensu. Idan kasuwa ta faɗi a can, wakilin kamfani yakan rufe sito ya ce babu kuɗi sai wani watan, buhuna su taru a ɗakunan mata, danshi ya fara cinsu. Kwangilar baki ba ta hana haka. Kuma horo kan kyautata muhalli ƙarin aiki ne ga manomiya: shanya a gado, tsince yashi da zare, ɗauko leda daga ruwa. Idan ba a ƙara mata ko shilin ɗari na Tanzaniya a kilo saboda wannan wahala ba, za ta yi na wata biyu ta koma yadda ta saba, kuma ba zan ga laifinta ba. Don haka idan ka zaɓi wannan hanya, ka tsaya kai da fata a kan abu uku a rubuce: mafi ƙarancin farashi, ƙarin kuɗi ga kaya mai inganci, da awo a gaban wakiliyar manoma. Kamfanin ma yana da nasa haɗarin, wato ya ba da igiya wani dillali ya zagayo ya saye amfanin. Maganin wannan shi ne biya nan take, hannu da hannu.

Ƙungiyar manoma mai asusu

A nan akwai abin da ya kamata Bahaushe ya sani. Ƙananan bankunan ƙauye da matan Tanzaniya ke kira VICOBA sun samo asali ne daga tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar a 1991, ta gina shi a kan adashen da mata suka saba yi. Akwatin nan mai makullai uku, da zubin mako-mako, da bashi mai ɗan riba, da rabon kuɗi a ƙarshen shekara, shi ne ya ƙetara har gaɓar Tekun Indiya. Yawancin ƙauyukan masu noman mwani sun san shi, don haka ba baƙon abu za ka kai musu ba.

Amfanin ƙungiya ya wuce tara kuɗi. Mata talatin da suka haɗa buhunansu suna iya jinkirta sayarwa na mako biyu, abin da mace ɗaya mai neman kuɗin makarantar yaro ba za ta iya ba. Suna iya sayen igiya a sari, su mallaki sikelinsu, su gina gadon shanya ɗaya mai rufi. Suna kuma iya sarrafa kayan da kansu. Ƙungiyar matan Kidoti a arewacin Unguja tana cikin na farko da suka fara yin sabulu da ciyawar teku, yanzu kuma ana yin garinta da man shafawa da lemo da kek. Kilo ɗaya na gari yana kawo kuɗin da ya ninka na busasshiyar ciyawa sau da yawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne, ƙungiya ce kaɗai ƙofar shiga ruwa mai zurfi. Tun da bakin gaɓa ya yi zafi, begen dawo da kotoni yana can inda ruwa ya kai zurfin mita biyu zuwa sama, inda ya fi sanyi kuma yake motsi. Aikin Sea PoWer ya gwada wannan da mata a wurare irin su Muungoni, ta amfani da raga mai siffar bututu da ake cusa iri a ciki, dabarar da aka aro daga Brazil. Amma shiga can sai da kwale-kwale, da rigar hana nutsewa, da iya iyo, kuma yawancin matan gaɓar ba a koya musu iyo ba tun suna yara. Sai da aka haɗa da darasin iyo. Babu macen da za ta sayi kwale-kwale da kuɗin sifinosum, ƙungiya ce za ta iya.

Kuɗin kafa ƙungiya matsakaici ne, amma lokacin da take ci yana da yawa. Ka sa ran shekara biyu zuwa uku kafin ta tsaya da ƙafarta, tare da mai bibiya da zai riƙa zuwa yana duba littafin lissafi. Idan ta kafu, ita ce mafi ɗorewa a cikin huɗun, domin kuɗin na membobi ne, kuma mutum ba ya sakaci da abin da ya zuba guminsa.

Haɗarinta a ciki yake. Shugaba ɗaya ko ma'aji ɗaya na iya wargaza amanar shekaru. Ƙungiyar da aka kafa a gurguje don a karɓi injin niƙa daga mai ba da tallafi takan mutu ranar da injin ya lalace. Kasuwar sabulu da man shafawa ƙarama ce, kuma ta dogara da 'yan yawon buɗe ido, abin da shekarar 2020 ta nuna ƙarara lokacin da otal-otal suka rufe saboda korona. Samun tambarin hukumar ingancin kaya ma yana buƙatar ɗakin aiki mai tsabta da kuɗin gwaji. Don haka sarrafawa ƙari ce a kan sayar da busasshiyar ciyawa, ba za ta iya shanye dubban tan da ake girbewa duk shekara ba. Akwai kuma wani haɗari da nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata: duk lokacin da sana'ar mata ta fara kawo kuɗi kuma ta buƙaci jirgi, maza sukan shigo su karɓe ragamar. Idan za ka sayi kwale-kwale, ka yi rajistarsa da sunan ƙungiyar matan, matuƙin ya zama ɗan haya da suke biya.

Zauren haɗaka

Misalin da ake da shi a ƙasa shi ne Zanzibar Seaweed Cluster Initiative, wanda Dakta Flower Msuya ta Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Jami'ar Dar es Salaam ta jagoranci kafawa a 2006. Yana zaunar da manoma da masu sarrafawa da kamfanonin fitar da kaya da masu bincike da jami'an gwamnati wuri ɗaya. Daga cikinsa aka samu yawancin gwaje-gwajen noman ruwa mai zurfi da koyar da yin sabulu, kuma duk 23 ga Yuli ana bikin ranar ciyawar teku a Zanzibar.

Akwai matsalolin da babu inda za a warware su sai a irin wannan zaure. Rikicin fili tsakanin gonakin mata da otal da masu wasan gudu a kan ruwa da laimar da iska ke ja a Paje yana ciki. Haka maganar iri: shekara fiye da talatin ana yanko reshe daga reshe ana dasawa, irin ya gaji, kuma cuta tana bin igiya da iri daga ƙauye zuwa ƙauye. Shirin GlobalSeaweedSTAR, wanda cibiyar nazarin teku ta Sukotland ta jagoranta daga 2017 zuwa 2021 a Tanzaniya da Filifin da Malesiya, ya mai da hankali a kan wannan. Dokar tsabtace igiya ko keɓe sabon iri ba ta aiki idan rabin gaɓa ne kawai ke bin ta. Tun da aka kafa Ma'aikatar Tattalin Arzikin Teku da Kamun Kifi a 2020, zauren ya samu ofishin da zai kai wa kukansa kai tsaye.

Kuɗin taro ɗaya ba shi da yawa, amma ba ya ƙarewa: mota, abinci, kuɗin zama, jirgin Pemba zuwa Unguja. Ranar da mai tallafi ya janye, kujeru sukan zama wayam. Zauren ba shi da ikon tilasta wa kowa, ba ya yanke farashi, kuma yakan dogara da mutum ɗaya mai kishi da kowa ke jin nauyinsa. Babban aibinsa shi ne a kawo manomiya otal a birni, a zaunar da ita gaban darakta da farfesa, a yi jawabi da Turanci, ta koma gida ba ta ce uffan ba, a rubuta cewa an tuntuɓi manoma. Gyaran wannan ba shi da tsada. A yi taron a ƙauye da Suwahili, a ranakun da ruwa bai janye sosai ba, tare da sheha, wato mai unguwar yankin. Ƙungiyoyin mata su zaɓi wakilansu da kansu, su fara zama su kaɗai su tsara buƙatunsu kafin manya su iso. Kowane zama kuma ya tashi da abu ɗaya ko biyu da aka rubuta wa zai yi, zuwa yaushe.

Takardar shaidar inganci

Hukumomin ASC da MSC, masu ba da shaidar inganci ga kiwon kifi da kamun kifi a duniya, sun fitar da ma'aunin haɗin gwiwa na ciyawar teku a ƙarshen 2017, yana duba muhalli da tsarin gudanarwa da haƙƙin ma'aikata da zaman lafiya da al'umma. Waɗanda suka fara samun takardar suna Japan da Koriya ta Kudu. Ita ce mafi tsada: sai an ɗauko masu bincike masu zaman kansu, an ajiye rubutaccen bayani na kowace gona, ana kuma dawowa dubawa duk shekara. Karajinan ɗan sinadari ne da ke ɓoye a jerin kayan haɗi a bayan kwali, mai sayen askirim ba ya neman tambari a kansa, don haka ƙarin farashi ba tabbas ba ne. Idan babu babban mai saye da ya yi alkawari a rubuce zai biya kuɗin binciken kuma ya ƙara farashi, a ajiye ta tukuna. Jerin sharuɗɗanta dai yana da amfani a matsayin madubin duba aiki, kuma karanta shi kyauta ne.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Muryar manomiya |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwangila da kamfani | Kaɗan, kamfani ke ɗaukar mafi yawa | Tana bin kasuwar duniya | Mai sauƙi, sakamako da wuri | A daina saye, ko a danne farashi | Ƙarama, sai an rubuta sharuɗɗa |
| Ƙungiya mai asusu | Matsakaici, da bibiya ta shekaru | Mafi ƙarfi idan ta kafu | Tana cin lokaci da haƙuri | Cin amana, ƙaramar kasuwa, maza su karɓe | Babba |
| Zauren haɗaka | Kaɗan-kaɗan amma kullum | Tana bin tallafi da jagora | Kira da sauƙi, aiwatarwa da wuya | Magana ba aiki | Ya danganta da yadda aka tsara zama |
| Takardar shaida | Mai yawa, duk shekara | Sai da mai saye tsayayye | Mai wuya | A kashe kuɗi farashi bai ƙaru ba | Ƙarama |

Wacce ta dace da wa

Idan aikinka na shekara ɗaya ne ko ɗaya da rabi, kuma abin da ake nema a gani shi ne raguwar saran mikoko da leda a ruwa, ka bi ta kamfanin da ya riga ya kafu a ƙauyen. Ka yi amfani da kuɗinka wajen gadajen shanya da ƙarin farashin inganci, kada ka ƙarar da shi a takardun horo.

Idan kana da shekara uku zuwa biyar, kuma damuwarka ita ce abin da ke shiga hannun matan, ka fara da ƙungiyoyin asusun da suke nan tun kafin ka zo. Kada ka kafa sabuwa inda tsohuwa ke aiki. Kwale-kwale da injin niƙa su zo a shekara ta biyu, bayan ka ga littafin lissafinsu ya zagaya shekara ba gardama. Daga nan ne za su iya zama da kamfani su ƙulla kwangila a matsayin ƙungiya, wanda ya fi kowace ta sa hannu ita kaɗai.

Idan kai jami'in gwamnati ne ko mai bincike, ko kuma matsalar da ke gabanka ta fili ce ko ta cuta ko ta iri, zauren haɗaka ne wurinka. Ka ƙarfafa wanda yake akwai, ka sa kuɗin tafiyar wakilan Pemba a kasafin ma'aikata don kada ya dogara da baƙi.

Idan kai mai saye ne da ke sayar wa kamfanonin abinci ko na kayan kwalliya a Turai, kuma su ne suka nemi shaida, to takardar ta zama dole, amma ka ɗauki kuɗinta a kanka, ka fara da ƙauye ɗaya ko biyu masu ƙungiya mai rajista, domin su ne ke da rubutun da mai bincike zai tambaya.

Idan kuma kuɗin hannunka kaɗan ne ƙwarai, bai isa ko ɗaya daga cikin huɗun ba, ka saya wa ƙungiya ɗaya sikeli mai kyau da tamfol na shanya, ka biya wa membobinta kuɗin koyon iyo.